Tokyo Skytree ko Tokyo Tower: wacce ta fi cancanta a hau?

Ɗan Bolari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena zai je kwas Tokyo daga nan Gombe a watan Disamba, yini ɗaya kacal gare shi na yawo. Wace hasumiya ya kamata ya hau, kuma da wane lokaci?

Baffan Jekadafari:
Wa alaikumus salam ɗana. Skytree zai hau. Tsawonta mita 634, an buɗe ta a 2012, ita kuwa Tokyo Tower mita 333 ce tun ta 1958, dogayen benaye sun kewaye ta.

Ya shiga jirgin ƙasa ya sauka a tashar Oshiage, tana gindin hasumiyar. A hawa na 4 ake shiga lif, cikin kamar daƙiƙa 50 ya kai benen kallo na Tembo Deck, mita 350. Kunnensa zai toshe, ya haɗiye yawu kawai. Akwai wani bene a mita 450, Tembo Galleria, da kuɗinsa daban. A ganina ba dole ba ne, abin da ido ke gani kusan ɗaya ne, sai dai gidaje su ƙara ƙanƙancewa. Kafin ya sauko ya leƙa mita 340, inda aka shimfiɗa gilashi a ƙasa, mutum na tsaye yana hango titi ƙarƙashin ƙafarsa.

Hajiya ta Tudun Wada:
Baffa ya yi bayani, amma lokaci ya fi tsawo muhimmanci. A Disamba rana na faɗuwa wajen 4:30 na yamma a Tokyo. In ya ɗauka irin magaribarmu ce ya iso ƙarfe shida, duhu zai tarar. Ya hau 3:30, ya ga gari da haske, ya ga faɗuwar rana ta wajen Dutsen Fuji, sannan fitilu su kunnu. Ya yi sa'ar wata ma, don lokacin sanyi iskarsu a bushe take, sararin sama garau, ba kamar hazon hunturunmu ba. Dutsen na da nisan kusan kilomita 100, gajimare kaɗan ya isa ya ɓoye shi. Shi ya sa kada ya yi gaggawar sayen tikiti tun daga gida. Ya duba hasashen yanayi kwana biyu kafin ranar, sannan ya saya ta intanet, ya fi saye a wurin araha, kuma ranakun aiki sun fi Asabar da Lahadi sauƙi. Iska mai ƙarfi kan sa a tsayar da lif.

Hoton dare kuma, ya kashe filasha ya manna wayar jikin gilashi, in ba haka ba fuskarsa zai ɗauko.

Malam na Wunti:
Ƙari kaɗan, Hajiya. La'asar da magariba suna kurkusa a lokacin, sai ya yi la'asar a masallacin Asakusa, hayin Kogin Sumida, kafin ya hau. Abincin kasuwar Solamachi da ke gindin hasumiyar ya riƙa tambaya, naman alade da giyar girki da suke kira mirin suna shiga miya da yawa.

In aljihu ya yi ƙasa, ginin gwamnatin Tokyo da ke Shinjuku yana da wurin kallo a hawa na 45, mita 202, kyauta ne.

Ɗan Bolari:
Na gode iyayena, Allah Ya saka da alheri. Zan tura masa yanzu.