Ɗana yana tarko da ruɓaɓɓen ɓera a Amurka, wai karatu ne

Alhaji Tela: Assalamu alaikum. Ɗana na biyu yana digiri na biyu a Nebraska, fannin ƙwari. Jiya ya turo wa mahaifiyarsa hoto, ga shi durƙushe cikin ciyawa, hanci ɗaure da hankici, yana jefa ruɓaɓɓen ɓera cikin bokitin da aka haƙa wa rami. Wai tarko ne na wani ƙwaro da ke neman ƙarewa. Hajiya ta ajiye wayar ta ce a kira shi ya dawo gida. Ni ɗinki na sani, kuma fili na sayar kafin yaron nan ya hau jirgi. Don Allah masana, wane ƙwaro ne wannan? Buzuzu ne? In ya ƙare wa ya yi asara?

Malam Bayoloji: Wa alaikumus salam, Alhaji. A kwantar wa Hajiya da hankali. Ba buzuzu ba ne, shi buzuzu kashin shanu yake mirginawa, wannan kuwa mushe yake binnewa. Masana na kiransa Nicrophorus americanus. Baƙi ne mai zanen ruwan lemo, tsawonsa ya kan kai santimita 3 da rabi. Da dare yake fita. In ya ji warin mataccen tsuntsu, namiji da mace su haɗu a kai, su yi ta tone ƙasar da ke ƙarƙashinsa har ya nutse kafin ƙuda ya riga su. A can ƙasa su fige shi tas, su dunƙule naman, su shafe shi da wani ruwan jikinsu mai rage ruɓewa, sannan macen ta yi ƙwai a gefe. Abin da ke burge ni duk lokacin da na koyar da shi: uwa da uba duka suna zama su ciyar da tsutsotsin baki da baki, kamar tattabara da 'ya'yanta. Samun haka a cikin ƙwari sai an tona.

Da can ana samunsa a jihohi 35 na Amurka har da Kanada. A 1989 da aka sa shi cikin halittun da ke dab da ƙarewa, wuri biyu kacal aka san yana nan: tsibirin Block na jihar Rhode Island da gabashin jihar Oklahoma. Daga baya aka gano shi a wasu jihohin, ciki har da Nebraska inda ɗanka yake.

Ɗan Zangon Kumasi: To Malam, mushe ya ƙare ne a Amurka? Su zo mu ba su na bakin titinmu kyauta.

Malam Bayoloji: Kai dai da wasa kake, amma ka taɓo wurin. Ba kowane mushe yake iya ɗauka ba. Na kirki a wurinsa shi ne mai nauyin giram 100 zuwa 200, kamar kurciya. Saniya ta fi ƙarfinsa, ɗan ƙaramin ɓera kuma ba ya isar 'ya'yansa. Akwai masu ganin ƙarewar wata tattabarar daji da ta taɓa cika sararin Amurka, wadda ta ƙarshenta ta mutu a 1914, na cikin abin da ya karya shi. Ga filayen ciyawa an yanyanka su gonaki da tituna, su yanyawa da hankaki sun yawaita suna riga shi ga abinci.

Hauwa Lincoln: Baba Alhaji, ina wuni. Na taɓa bin masu wannan aiki wani watan Agusta, kuma gaskiya warin ba a magana, kwana biyu ban iya cin nama ba. Tun da asuba ake zagaya bokitan, don in rana ta yi zafi ƙwaron mutuwa yake a ciki. A ƙasan bokiti akan zuba ɗanyar ƙasa. A ɗauko shi a hankali, a auna, a duba goshinsa don a gane namiji ne ko mace, a rubuta, a sake shi. Ba a taɓa shi sai da takardar izini.

Ni abin da na gani, ba kiwonsa a gidan namun daji ne zai cece shi ba, ko da yake ana yi, an saki wasu a Ohio da Missouri da tsibirin Nantucket. A yankin Loess Canyons na Nebraska, itacen sida ne ya mamaye makiyaya yana kashe ciyawa. Masu shanu suka haɗa kai suna sare shi, suna cinna wuta bisa tsari, da lura da iska da motocin ruwa a gefe. Don shanunsu suka yi, ba don ƙwaro ba. Ciyawa ta dawo, tsuntsaye suka dawo, yawan ƙwaron ya ƙaru. Kada dai wani ya ɗauka irin ƙonan dajin masu farautar gafiya ne.

Abin da ba na so shi ne yadda hukumar Amurka ta sassauta kariyar da doka ta ba shi a 2020, bayan ƙorafin masu haƙar mai. Ɗumamar yanayi na nan tana jiransa a Oklahoma.

Alhaji Tela: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Hajiya. Wurin uwa da uba masu ciyarwa baki da baki ta sa na maimaita. Ta ce ya zauna ya gama, amma kayan da yake aikin da su kada ya kuskura ya shigo mata da su gida.