Wai a ce ciwon gado ne

Baban Amira: Raina a ɓace yake. Ƙanena ɗan shekara 31, tela ne a Tudun Wada, ya kife a kan keken ɗinki, baki ya karkace, ɓarin hagu ya shanye. Ba hawan jini, ba suga, ba sikila. Sai da muka yi sati uku wani likita ya tambaya ko tafin hannu da na ƙafa suna masa zafi kamar wuta tun yana yaro, kuma ko yana gumi. Wallahi a zafin Afrilu rigarsa a bushe take! Ya ce a gwada wani ciwon gado mai suna Fabry. Ni na ce duk matashin da ɓarin jikinsa ya shanye a yi masa gwajin nan tun ranar farko.

Baffa: Allah ya ba shi lafiya. Amma ka cire kalmar gado. Gidanmu tun daga cikin Birni ba a san mu da shanyewa ba.

Anti Nas: Baffa, ba zagi ba ne. Wani sinadari ne da ke narkar da wani irin kitse jiki yake rasawa, sai kitsen ya taru a jijiyoyin jini, da ƙoda, da zuciya. Tun 1898 aka gano shi. Kuma uba ba ya ba ɗa namiji, ta wajen uwa yake zuwa masa.

Kawu: Wato Yayata, mahaifiyarsa, ce ta sa masa? Matar da ke kwana kan tabarma a gindin gadonsa?

Anti Nas: Kawu, ban ce haka ba, sakamako ma bai fito ba.

Kawu: Kin faɗa. Muna da 'yan mata biyu da aka sa wa rana, kina yi musu tambari.

Ɗan Samaru: Mu koma kan maganar Baban Amira. A Turai an gwada matasa sama da 5,000 masu shanyewar ɓarin jiki, kusan ɗaya cikin 200 aka tabbatar yana da Fabry. A nan hawan jini da sikila ne kan gaba. Babban maganin Fabry ɗin ma ta ƙarin ruwa ake ba da shi duk sati biyu har ƙarshen rai. Mai alamomi irin nasa za a fara gwadawa.

Maman Hanif: Ku 'yan boko komai lissafi. Da ƙaninka ne ɗayan fa?

Kawu: Ai lokacin auren Yaya ma haka dangin nan suka yi mana gani-gani.

Baffa: Kar ka tono abin shekara talatin da biyar, Malam.

Baffa: To jama'a, abin da aka tsayar shi ne: masana sun tabbatar ba daga ɓangarenmu ba ne, kuma gwajin ɓarnar kuɗi ne. A ci gaba da addu'a.

Baban Amira: Baffa, an riga an ɗiga jinin a takarda an aika. Wa zai karɓe ni kwana yau? Safiya ina da kasuwa a Sabon Gari.