Kai tsoho gidan kulawa: yasarwa ce ko jinya?

Wata Hajiya, nas mai ritaya, ce ta ta da maganar, ta ce Katsina na buƙatar gidan kula da tsofaffi mai ƙa'ida, don wani tsohon ya fi samun kulawa can a kan ɗakin da 'ya'yansa suka ajiye shi.

Malam na Gambarawa: Hajiya, ban goyi baya ba. A Suratul Isra'i, aya ta 23, Allah Ya ce idan ɗaya daga cikin iyayenka ko dukansu biyu suka tsufa a wurinka, ko "tir" kada ka ce masu. A wurinka aka ce. Ranar da aka buɗe gidan nan, wanda ma yake da hali sai ya samu hanyar sauke nauyi.

Hajiya, nas mai ritaya: Allah gafarta Malam, ayar na bisa kaina. Amma ni na wanke gyambon kwanciya da hannuna. Tsohuwa mai shanyewar ɓarin jiki ana juya ta kamar duk awa 2, dare da rana. In ba a yi ba, fatar ƙugu da ta dunduniya sai ta mutu, rami ya buɗe har ya kai ƙashi. Da yawa an bar su ne da yarinyar aiki, ita kanta yarinya ce, ɗan kuma yana Abuja yana turo kuɗi. Wannan shi ne "a wurinka"?

Inna ta Rafindadi: Ɗiyata, ni shekaruna sun ja, kuma a ɗakina nake so in cika, jikokina na shige da fice. Ku tambaye mu kafin ku yanke mana.

Hajiya: Inna, ke kina da masu shige da ficen. Ina maganar tsoffin da rashin tsaro ya koro daga Batsari da Jibiya, wasu 'ya'yansu sun rasu. Da kuma masu gigin tsufa, waɗanda ke fita su ɓace, wasu har a kulle su a ɗaki.

Ɗan Ƙofar Marusa: Baba Malam, ni tsorona daban ne. Wa zai riƙa duba gidan? A Ingila akwai hukuma tun 2009 mai shiga gidajen nan, sau da yawa ba sanarwa, ta ba su maki kowa ya gani, duk da haka ana samun cin zarafi. Mu nan an kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2021, bayan Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokarta a 2018. Wa ya taɓa ganin ma'aikacinta a unguwarsu?

Hajiya: To nan ya kamata mu tsaya, ɗana. Tsofaffi nawa ke hannun ma'aikaci ɗaya da dare? Akwai littafin da ake rubuta maganin hawan jini da na suga, da sunan wanda ya bayar? Banɗaki na da ƙarfen dafawa ko santsi ne? Tsoho in ya faɗi ya karya ƙugu, da wuya ya koma yadda yake. Mata su kula da mata. Kuma dangi su shiga duk lokacin da suka so. Gidan da ya hana ziyara, kada a kai ko mutum ɗaya.

Malam: Ga wanda ba shi da kowa, na yarda, haƙƙi ne a kan al'umma, har zakka da waƙafi su shiga. Amma mai 'ya'ya raye, a'a. A horar da masu jinya su riƙa zuwa gida, 'ya'yan su biya.

Ɗan Ƙofar Marusa: Su ma masu zuwa gidan, wa zai tantance su, Baba?

Inna: Ni dai in za a turo mani, a turo mace wadda na san gidansu.