Faranti yana tashi babu komai, rezin ya daskare a gindin bak: ina matsalar take?

Ɗan Adar, Tawa

Assalamu alaikum, masana. Ina neman shawara a kan injin buga 3D mai aiki da rezin (ruwan roba da haske ke daskararwa), ƙaramin nan mai ekran mono (allon da ke haska rezin daga ƙasa) da hasken 405 nm. Rezin ɗin ruwan toka ne na gama-gari. Ga yadda na saita: kaurin kowane zubi (falle ɗaya da haske ke daskararwa a lokaci guda) 0,05 mm, hasken zubi sakan 2,5, zubin tushe guda 4 a kan sakan 25, ɗagawar faranti (wanda bugun ke mannewa a jikinsa) 5 mm.

Tun shigowar hunturu, in na sa bugu da dare, da safe sai in tarar da faranti a sama fes, abin kuma ya daskare a kan ledar FEP, wato leda mai haske da ke gindin bak, mazubin rezin. Da rana yakan kama, amma wani lokaci tokara (siraran sandunan da ke riƙe abin) kaɗai ke fitowa, jikin abin babu. Maƙallan makulli nake bugawa masu siffar kuros ɗin Tawa, sai ɗan raƙumin dawa na ado mai rami a ciki. Shi wannan ya fito lafiya, bayan ƴan kwanaki ya tsage, ruwa mai wari na fita. Da alkol 70° na farmasi nake wankewa, in shanya a rana, amma jikin yana danƙo kuma yana yin fari-fari. Rezin ne ya lalace ko injin?

Mai Gyaran Lantarki, Yamai

Wa alaikumus salam, ƙanena. Da wuya a ce rezin ne ko injin. Kowane zubi da ekran ya haska yana mannewa wuri biyu, ga faranti a sama da ga leda a ƙasa. In faranti ya ɗaga, wanda ya fi riƙo shi ke tafiya da shi. A wurinka leda ce ke rinjaye, kuma tunda ka ce da dare abin ya fi faruwa, sanyi nake fara zargi.

Lambobin da masu rezin ke bayarwa an auna su ne a ɗaki mai ɗumi, wajen digiri 25. Daren hunturu a Tawa yana sauka kusa da digiri 15, ɗakin kwano kuma ba ya riƙe ɗumi. In rezin ya yi sanyi kauri yake yi. Faranti yana saukowa amma bai gama matse shi zuwa 0,05 mm ba haske ya kunna, ga shi kuma rezin mai sanyi yana jinkirin daskarewa. Zubin farko sai ya fito da kauri kuma bai nuna ba.

Kafin ka taɓa lamba ko ɗaya, ka share bak. Injinan da yawa suna da wurin tsabtace bak a cikin jerin umarni: ekran zai haska duka na sakan 15 zuwa 20, gindin ya daskare ya zama falle ɗaya, ka ɗago shi daga kusurwa da abin kankara na roba. Kada ƙarfe ya taɓa ledar. Sauran rezin ɗin ka tace shi da matatar fenti, irin ta mikron 190. Wannan ba abin tsallakewa ba ne: ɗan gutsure ɗaya mai tauri in ya rage, faranti zai danna shi ya huda leda, ko ya fasa ekran, kuma rezin da ya zuba a kan ekran ya daskare ya fi duk matsalolin da ka lissafa tsada.

Bak yana waje, ka ɗora farar takarda a kan ekran ka kunna gwajin haske. Siffar ta fito cikakkiya, babu ɗigon baƙi, babu gefen da ya dushe. Ta takardar za ka duba, kada ka kalli hasken kai tsaye.

Sai daidaita faranti. Ka sassauta kusoshinsa, ka shimfiɗa takardar A4 ɗaya a kan ekran, ka tura farantin gida, wato ka ba shi umarnin sauka ƙasa kan takardar. Ka danne shi da tafin hannu, ka ɗaure kusoshi a gicciye, kaɗan-kaɗan. Ka ja takardar ta kowace kusurwa: ta riƙe daidai wa daida a duka huɗun. In ta sulale a kusurwa ɗaya, sake. In injinka yana neman a ajiye Z=0, wato wannan tsayin a matsayin mafari, ka ajiye. Ka goge faranti da alkol, don maiƙon yatsa kaɗai yana hana kamawa.

Kwalbar rezin kuma, a rufe ruf, ka tsoma ta a ruwan ɗumi na digiri 30 zuwa 35 kamar minti 15, ka tsane jikinta sosai kada ɗigon ruwa ya faɗa bak, ka girgiza minti biyu don launin ruwan toka yana kwanciya a ƙasa. Ka bar kumfa ta lafa. A saiti: zubin tushe 6 a kan sakan 35, zubin tsaka-tsaki (masu rage haske a hankali daga na tushe zuwa na sauran zubi) 5 ko 6, jira na sakan 2 bayan faranti ya sauka kafin haske ya kunna, ɗagawa 6 zuwa 7 mm da gudun da bai wuce 60 mm a minti ba. Mafi sauƙi duka, ka fara bugun da hantsi maimakon bayan isha'i.

Malamar Labo, Yamai

Malam ya gama da maganar faranti. Ni zan taɓa wanki da raƙumin dawa, don nan ne lafiyar jiki ta shigo.

Alkol 70° kusan kashi ɗaya cikin uku nasa ruwa ne, rezin na gama-gari kuwa ba ya narkewa a ruwa. Yana shafe shi ne kawai a jikin abin. Ka nemi isopropil na 90 zuwa 99, ko etanol na 95 ko 96. Kwano biyu masu murfi: na farko mai datti, minti 2 kana motsawa da burushi mai laushi, na biyu mai tsabta, minti 1 zuwa 2. Kada ka bar abu ya kwana a ciki, yana laushi ya tsattsage.

Farin da kake gani daga shanya jiƙaƙƙen abu ne. Alkol mai ɗauke da rezin yana kan jiki, rana ta buge shi, ya daskare fari. A inuwa ake busarwa tukuna, gaban fanka, minti 20 zuwa 30. Ka juya shi a haske: duk inda ke ƙyalli, rezin ne ya rage, a koma wanki. Sai ya bushe ya dushe ko'ina sannan a kai rana. Ranarmu ba ta buƙatar wuni. Ƙaramin abu irin kuros, ƴan mintoci kowane gefe ka duba. In ya daɗe yakan yi rawaya, ya yi gautsi. In bayan haka saman yana ɗan danƙo, iskar oksijin ce ke hana fatar waje nuna. Ka sa shi a kwalbar gilashi mai ruwa ka ajiye a rana, ruwan zai tare iskar.

Raƙumin dawa ɗanyen rezin ne ya rage a cikinsa. Yana cin bangon daga ciki har ya fasa. Abu mai rami yana son bango na 2 mm, da huda aƙalla biyu na 2,5 zuwa 3 mm, ɗaya kusa da faranti. Ka cusa alkol ciki da sirinji har ya fito garau, ka busar, ka haska cikin da ƙaramar fitilar 405 nm ta hudar. Wanda ya riga ya tsage kada ya shiga hannun yara; a fasa shi da safar hannu, a bar shi a rana ya daskare, a zubar.

Safar nitril za ka sa, ba ta lateks ba. Rezin yana sa fata ta ƙi shi a hankali, kuma in ƙaiƙayin ya kama mutum ba kasafai yake rabuwa da shi ba. Tabarau, taga a buɗe, injin ba a ɗakin kwana ba. Tururin isopropil yana kama wuta in ya haɗu da harshen wuta tun daga zafin wajen digiri 12, saboda haka nesa da gas da murhun shayi. Alkol mai datti ba a zuba shi a kwata ko a ƙasa: a sa shi a gora mai haske a rana, rezin ya dunƙule, a tace.

Injiniya Mai Zane, Tawa

Na yarda da yayana na Yamai, sai dai ina jan kunne a kan sakan 35. Na hunturu ne. Kuros ɗinka in ka kwantar da shi kai tsaye a faranti da wannan hasken, gindinsa zai baje, ƙananan hudojin adonsa su toshe. Ka ɗaga shi 5 mm a kan tokara, ka karkata shi digiri 30 zuwa 45, bayansa yana kallon faranti don tabon tokara ya tsaya inda ba a gani.

Tokara da ke fitowa su kaɗai wata matsala ce daban da ta faranti. Tushe ya kama, kan tokarar ne ya tsinke. Ko bakinsu ya yi siriri, ko hasken zubi ya yi kaɗan, ko leda tana ja da ƙarfi. Inda abin ya fara fitowa ka sa masu kauri biyu ko uku, baki 0,5 zuwa 0,6 mm. Na 0,3 mm na ƙananan gefuna ne. A manhajar shirya bugu, Chitubox ko Lychee, ka bi zubi ɗaya bayan ɗaya, duk ɗigon da ya bayyana shi kaɗai ba abin da ke riƙe da shi, ka tokare shi. Tokarar da manhaja ke jerawa da kanta ba ta isa a dogara da ita ba.

Hudar da Malama ta ce a yi kusa da faranti tana da wani aikin. Rami rufaffe da bakinsa ke kallon leda yana tsotsarta kamar ƙahon wanzami, kowane ɗagawa yana fizgar tokara. Hudar ce ke shigar da iska.

Hasken zubi kada ka yi ta canki-canka. Ka buga ɗan faifan gwaji, irin wanda ake kira Validation Matrix, a sakan 2,5, da 2,8, da 3,1, a ɗumin da za ka riƙa aiki. Abu ɗaya ake sauyawa a kowane gwaji. Ka rubuta lamba da zafin ɗaki a jikin kwalbar, domin in Afrilu ta zo ɗaki ya haura digiri 40, rezin zai tsinke kamar yadda ba ka saba gani ba, ya riƙa daskarewa da wuri, lambar hunturu ta cinye maka ƙananan zane. Lokacin ragewa za ka yi, kuma bugun asuba ko na dare shi zai fi.

Murfin injin ya zauna a rufe saboda ƙura da hasken taga. In an ɗauke wuta a tsakiyar aiki, yawancin ƙananan injinan nan ba sa ci gaba daga inda suka tsaya, saboda haka ƙaramin ondiler, na'urar batir mai riƙe wuta, yana da amfani.

Ɗan Adar, Tawa

Allah ya saka da alheri. Malama, in ban samu isopropil a nan ba, alkol ɗin ƙonawa na 90° zai yi? Kuma ledar ta yi hazo-hazo, in sauya ta?

Malamar Labo, Yamai

Zai yi wanki, ƙanena, amma an gauraya shi da wasu sinadarai, wani har da metanol, don haka a waje ko bakin taga, da safar hannu. Ka nemi marar launi, mai launi yana rina farin rezin.

Hazo kaɗai ba ya kashe leda. Ka wanke bak, ka ɗora shi a kan busasshiyar takarda, ka zuba alkol kaɗan ka jira minti 10. In takardar ta jiƙe, ko farcenka yana maƙalewa a wani lotsi, ko ledar ta saki ba ta ƙara in ka ƙwanƙwasa, sauya ta da mai kauri irin na asali, yawanci 0,15 mm, kuma ka cire siraran ledojin kariya da ke manne a fuskokinta kafin ka ɗaure.