Silinyam da gwiwar Inna

Ɗan Mabera: Jama'a ku ji takaici. Wata uku Inna na fama da ciwon gwiwa. Na karanta cewa masu ƙarancin silinyam, wani sinadari da jiki ke samu daga abinci, ƙashinsu ya fi rauni, na sayo mata ƙwayar da kuɗina. Ƙannenta sunka ɓoye maganin, sunka kwashe ta sai wurin mai ɗori. Wanga ƙauyanci har yaushe?

Jikan Mai Ɗori: Ƙauyanci? Ranar da ka faɗo daga babur, silinyam ya ɗora maka hannu ko kakana?

Ɗan Mabera: Ban ambaci kakanka ba.

Jikan Mai Ɗori: Ka ambaci sana'arsa. Janye kalmar.

Malam Na Runjin Sambo: Yaro, kawunnanka kake kira 'yan ƙauye a bainar jama'a? Ita Innar daga ina ta fito?

Anti Nas: Ku dakata. Ƙanena, silinyam ɗin da babban mutum ke buƙata a yini maikirogiram 55 ne kacal, kuma kifi da ƙwai da hanta na ba da shi. In ana wuce 400 kullum, gashi na zubewa, farce na karyewa. A 2021 an fitar da sakamakon gwaji a Ingila: an ba matan da suka daina al'ada ƙwayar wata shida, ƙashinsu bai nuna sauyi ba. Inda aka fi danganta ƙarancin silinyam da ciwon gaɓoɓi shi ne wasu yankunan Sin da Tibet, don ƙasar nomansu ba ta da shi isasshe. Kai Inna asibiti a duba gwiwar.

Bayawure: Tunda an ce kifi, a nemo na Yawuri. Na Goronyo ƙaya ce zalla.

Ɗan Goronyo: Kai Bakabe, mi ya kawo ka zancen Sakkwatawa?

Bayawure: Kafin 1991 jiharmu ɗaya, sai yau na zama baƙo?

Jikan Mai Ɗori: Har yanzu dai bai janye ba.

Ɗan Mabera: To na janye "ƙauyanci", na sa "duhun kai".

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da aka cimma: ɗori gado ne, Anti ma ta tabbatar maganin Turawa na zubar da gashi, kuma kifin Goronyo ya fi. Ɗan Mabera ya ba kawunnansa haƙuri. An rufe.

Anti Nas: Alhaji, ba haka na ce ba fa.