An ƙara wa motata toki amma a sama sai ta mutu, ina matsalar take?

Mai tambaya:
Salam 'yan uwa, don Allah ina neman shawara. Motata mai tobo ce (na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska), fetur take sha, na kai an yi mata tunin a kwamfuta. Yanzu da na taka totur a ƙasa, wato inji yana ƙaramin juyi, sai ta fizge kamar za ta tashi sama, amma da allurar juyin inji ta wuce 5000 sai ƙarfin ya ɓace. Takardar daino (na'urar auna ƙarfin inji) ta nuna toki ya ƙaru sosai, hosfawa kuwa ɗan kaɗan, ga kuloci ya fara zamewa a giya 4. Cutata aka yi ko kuwa?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ba wanda ya cuce ka ɗan uwa. Toki shi ne ƙarfin murɗawar inji, hosfawa kuma, wato ƙarfin doki, lissafi ne kawai: ka ninka toki da juyin inji a minti, in da Nm (ma'aunin toki) aka auna ka raba da kusan 7120. Toki 300 a juyi 3000 zai ba ka doki 126, amma toki 200 a juyi 6500 doki 182 ne. To tobon kamfani yawanci ƙarami ne, yana cika da wuri ya ba ka wannan fizgar ta ƙasa, a sama kuma iskar da yake turawa ba ta isar injin sai tokin ya faɗi daidai inda ake buƙatarsa hosfawa ta hau.

Tsohon bakanike:
Injiniya ya gama magana, ni dai kulocin ne ya dame ni. Toki ne ke cin kuloci da giyabos, shi ya sa zamewar ta fara a babbar giya. Ka daina taka totur har ƙasa kana giya 4 ko 5 inji yana juyi 1800, nan ne matsi ya fi yawa kan fistin da rodinsa, na sha kwance injin da rodi ya lanƙwashe saboda haka wallahi. Ka sauke giya tukuna.

Wani mamba:
Gaskiya ne. Ku dubi Honda S2000, babu tobo, tokinta bai wuce 210 ba amma doki 240 saboda tana juyi har 9000.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. To in canza babban tobo kenan?

Injiniya:
In gudun sama kake so, eh, amma za ka rasa wani abu a ƙasa don babba yana jinkirin cika, kuma sai ka duba nozul da famfon mai da intakula (mai sanyaya iskar tobo), in mai bai isa ba zafi zai narka fistin. In zirga-zirgar gari ce aikinta, ni a ganina ka koma wurin mai tunin ya rage tokin ƙasa kaɗan ya shimfiɗa shi zuwa sama, ka saka kuloci mai ƙarfi.

Tsohon bakanike:
Kulocin dai ka fara da shi, tun bai ƙona fulayiwil ba.