Hadarin damana a Tawa: kowa ya faɗi abin da sana'arsa ta nuna masa

Mai tambaya: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Damana ta ƙarato. Ina roƙon waɗanda suka san hadarin Tawa da ƙasar Adar su gaya mana yadda ake bambanta hadarin da zai zubar da wanda ƙura ce kawai, da abin da ya kamata a gyara kafin ruwan fari. Don Allah a zo da awo da lissafi, "a yi hattara" kaɗai ba ta isa ba.

Mai awon ruwan sama: Wa alaikumus salam ƙanwata. Abin da Tawa ke samu a shekara bai cika wuce milimita 350 zuwa 400 ba, Yamai kuwa tana haura 500. Kusan duka daga Yuni zuwa Satumba yake sauka, Agusta ce uwar tafiya. Sai dai jimillar ba ita ke rushe ɗaki ko ta rayar da hatsi ba, yadda ruwan ke zuwa shi ne magana.

Iskar damana mai laima daga kudu maso yamma take busowa a ƙasa, amma hadarin daga gabas yake tasowa, domin can sama, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai iska mai ƙarfi da ke tura gizagizai yamma. Hadarin yakan haɗu da la'asar bisa tuddai irin duwatsun Abzin, ya jeru layi guda mai tsawon ɗaruruwan kilomita, yana tafiyar kilomita 50 zuwa 60 a awa. Shi ya sa wanda ya ratsa mu da dare sau da yawa yakan kai Yamai da asuba.

Kashi uku yake zuwa. Da fari iska mai sanyi da jar ƙura: ruwan da ya fara zubowa daga sama yana ƙafewa cikin busasshiyar iska, ya sanyaya ta, ta yi nauyi ta faɗo ƙasa ta bazu tana kwasar rairayi. Daga nan ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, rabin awa zuwa awa ɗaya. Sai yayyafi na awa biyu ko uku, wanda shi ne ke shiga ƙasa. A Mayu da farkon Yuni iska ta bushe ƙwarai, ruwan kan ƙare a hanya bai taɓa ƙasa ba, a sha ƙura a tashi hannu banza. Idan aka wayi gari da zufa mai danƙo, iskar kudu ta kwana biyu tana kaɗawa, kuma bayan jar ƙurar akwai baƙi mai walƙiya, wannan mai zubarwa ne.

Awo a gida ba wuya. A sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya, a ɗora shi bisa turke, nesa da bango ko icce da aƙalla ninki biyu na tsayinsu. Da safe a tsoma abin awo. Milimita ɗaya lita ɗaya ce a kan kowace murabba'in mita.

Magini: Malam ya gama magana a kan sama, bari in sauko ƙasa. Ɗakin ƙasa wuri biyu yake mutuwa: kai da gindi. A kai, indararo ne. Ya fito daga bango aƙalla kamu ɗaya, a yaɓe bakinsa da kyau, a jera duwatsu inda ruwan ke faɗuwa don kada ya yi tsalle ya ci gindin bango. Leda guda ta isa ta toshe shi, ruwa ya kwanta bisa soro, ƙasa ta jiƙe ta yi nauyi, azara ta karye. Yaɓe a Afrilu ko Mayu ake yinsa, da ƙasar da aka cuɗa da ciyawa da kashin shanu aka bar ta ta ruɓa, bangon gabas ya sami yaɓe sau biyu domin shi ke shan dukan ruwa. A gindi kuwa a yi dakali mai gangare, tsakar gida ta fi titi tudu.

Masu shafe bangon ƙasa da siminti kai tsaye su sani ba ya kamawa. Yana tsagewa, ruwa ya shiga ta baya ya rasa mafita, bango ya ruɓe a ciki alhali waje sumul. Kuma ɗaki bai cika faɗuwa ana tsakar ruwa ba, sai a malkar Agusta, kwana ɗaya ko biyu bayan babban ruwa. Idan laima ta hau bango har gwiwa, ƙofa ta soma cijewa, ko tsaga ta buɗe a kusurwa, a fitar da yara a kwana waje. A 2024 ambaliya da rushewar gidaje sun kashe mutane fiye da 300 a Nijar, har aka ɗage komawa lakwal zuwa ƙarshen Oktoba.

Rufin kwano kuma iska ta ƙarƙashi take ɗaga shi. Ƙusa kaɗai ba ta riƙewa idan katakon bai ɗaure da bango ba. A binne ƙarfe mai milimita 6 cikin gini, a naɗe katakon da shi. Duwatsu da tsofaffin tayoyin da ake ɗorawa a sama, ranar da kwanon ya tashi su ne ke faɗowa kan mutane.

Mai tambaya: Baba, mai haya da ba ya iya taɓa gini fa?

Magini: 'Yata, share indararo da magudanar ƙofar gida ba ya buƙatar izinin kowa. A rufe taga da ƙofar gabas da zarar ƙura ta taso.

Malamar gona: Ni gardamata da manoma kan ruwan fari ce. Ma'aunin da masana ke amfani da shi don sanin ruwan shuka ya sauka: milimita 20 cikin kwana uku, kuma kada a yi fiye da mako ba ruwa a cikin watan da ke biye. Rabin farko kowa zai iya aunawa, a tona a ga laima ta kai zurfin tafin hannu ko fiye. Rabi na biyu sai Allah, sai kuma hasashen damana da cibiyar AGRHYMET ta Yamai da ma'aikatar yanayi ke fitarwa kafin shuka. Don haka kada a zuba iri duka a shukar fari ko a binne, a ajiye na maimaici. Hatsin da ya tsiro a Yuni ƙishi bai kai iskar hadari kashe shi ba: rairayi ya ƙone ganyen ko ya binne shi. Gonar da aka bar wa kara a kwance da tushen sabara da kalgo ta fi tsira. Layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Magiya a 1975 don wannan iskar aka yi su.

A fako, ruwan awa ɗaya gudu yake yi, ba ya shiga. Maganinsa tassa, kamar yadda ta bazu a Illela: rami mai faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfi 15 zuwa 20, tazarar taku ɗaya, ƙasar da aka fidda a tara ta ta gangare, a zuba taki cikin hannu biyu tun da rani don gara ta huda ƙasan. Akwai kuma rabin wata, rami mai siffar rabin da'ira, faɗin mita 4 ne, bakinsa na kallon tudu, kimanin 300 a hekta. Kuskuren da aka fi yi shi ne haƙa tassa a jigawa, iska ta cike ta kafin ruwa, ko a laka mai riƙe ruwa inda shuka ke ruɓewa a Agusta.

Direban hanyar Keita: Hajiya, ruwan da fakonku ya ƙi sha mu yake tarewa a kori, wato busasshen rafin da ke cika in an yi ruwa. Kori na iya cika alhali inda kake ko ɗigo bai sauka ba, ruwan tudun Keita ko Buza ne ya gangaro. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana kayar da babban mutum, 30 yana ɗaga ƙaramar mota, 60 yana tafiya da babbar. Inda aka shimfiɗa siminti ruwa na bi ta kai, haɗarin yana gefen gangare, domin ruwan yana rarake ƙarƙashi ba a gani. Da dare ba a shiga sam. Yawancin kori suna janyewa cikin 'yan awoyi, a kafa kara a bakin ruwa a ga ko sauka yake. Bayan ya janye ma a taka da ƙafa tukuna, yashin da ya bari yana haɗiye taya. Injin da ya mutu cikin ruwa kada a sake tayar da shi, in ya shaƙi ruwa ƙarfen ciki zai lanƙwashe.

Ma'aikaciyar lafiya: Aradu ta fi samun masu noma da makiyaya da suka fake gindin icce guda a fili. Daga walƙiya zuwa tsawa a ƙirga: daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ne. In bai kai 30 ba a bar gona, a aje hauya, a nufi gini ko cikin mota, kuma a jira rabin awa bayan tsawar ƙarshe. Wanda ta faɗa wa babu wuta a jikinsa. Jiran a zo a yayyafa nono kafin a taɓa shi, kamar yadda ake yi a wasu garuruwa, shi ke cinye mintocin da za a cece shi. In ba ya numfashi a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a hura baki sau 2, a ci gaba, wani ya kira 18, lambar 'yan kwana-kwana.

Mai gyaran kuran: A zare talabijin da firij daga bango tun ƙura na tasowa, kashe maɓalli bai wadatar ba. Faifan sola a ɗaure shi da kusoshi masu juyi, ba waya ba.

Mai awon ruwan sama: Ƙanwata, sauran ribar kwano. Rufi mai mita 10 a 5, ruwan milimita 30 zai ba da lita 1,500. A cire abin da ke zubewa, ya rage wajen 1,200, duro shida ke nan masu lita 200. Ruwan mintoci goma na farko a bar shi ya tafi da ƙura da kashin tsuntsaye, a rufe bakin duro da ƙyalle saboda sauro, na sha kuma a tafasa ko a sa masa Aquatabs, ƙwayar tsabtace ruwan sha, a jira rabin awa.